Yadda ake shirya fita farautar manyan namun daji daga Yamai

Da zarar an kai hatsi rumbu, sanyin hunturu ya fara sauka, sai maganar farauta ta tashi a fadojin shan shayi na Yamai. Wannan ya gaji bindigar mahaifinsa, wancan yana da kat-kat, na uku ya san wani ƙauye can kudancin Dosso inda aka ce gada na shiga gonakin wake da dare. Yawancin irin wannan tafiya a baki take ƙarewa. Wadda aka yi babu shiri kuwa takan ƙare a hannun jandarma, ko a zauren maigari ana cinikin kuɗin maraƙin wani.

Abin da ke kai mutumin birni ya baro shi ne ɗaukar daji kamar fili marar mai shi. A ƙasar gonaki babu taƙi ɗaya da ba a san mai shi ba. Gona ta manomi ce, kara da harawar da suka rage na makiyayin da aka sakar wa gonar ne, duhuwar geza ta matan da ke itace ce, naman da ke ciki kuma dukiyar ƙasa ne, hukuma ke ba da izinin taɓa shi. Saboda haka mafi yawan shirin nan tambaya ce da neman izini. Halbin kansa ɗan lokaci ne.

Da farko, san abin da ya rage a dajin

Kakanninmu sun halbi gwanki da kanki da ɓauna a wuraren da yau gonakin hatsi ne. Farin shekarun 1970 da na 1984, da yawan jama'a, da bindigar zamani, su suka taru suka kore su. Yau giwa da zaki da ɓauna da gwanki da mariya, in ka cire ɗaiɗaiku, suna cikin gandun W da kewayensa, kudu da Say. An kafa W a 1954, ɓangaren Nijar kaɗai hekta 220,000 ne, sauran yana Benin da Burkina Faso, kuma a cikinsa ko zomo ba a halbi. Haka gandun Tamu da ke manne da shi, da Gadabeji a jahar Maraɗi, da Ayar da Tenere, da Termit da Tin-Tumma. Duk wanda ya ce zai shigar da kai ɗaya daga cikinsu da bindiga, gidan kaso zai kai ka.

Akwai kuma dabbobin da ko a tsakiyar gonarka ka same su ba ka da ikon taɓawa, irin su giwa, dorina, ayu, jimina da raƙumin dawa. Na ƙarshen nan ya shafe ka kai tsaye, domin hanyar Yamai zuwa Dosso ta ratsa Kure, wajen kilomita 60 daga birni, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 ba su kai 50 ba. Da haƙurin manoman da suke ci wa wake da aikin masu tsaro suka haura 600, har aka ɗebi takwas a 2018 aka kai Gadabeji. Daga Kure har cikin kwarin da ake kira dallol Bosso, ƙarar bindiga ba ta da wuri.

To me ya rage wa mai takarda? A bakin gonaki da saura da duhuwoyin kudu akwai gada, akwai gadu, in an yi sa'a batsiya ko mazo, sai zabin daji da fakara. Abin da aka halatta daga ciki da adadinsa, hukumar gandun daji za ta faɗa maka, kuma na bana kake tambaya, ba na bara ba. Ni dai a nawa ganin, barewa ko da ka ga sunanta a takarda ka bar ta, ta yi ƙaranci sosai. Gadu kuwa manoman rogo suna kuka da shi, amma Musulmi ba ya cin namansa, kuma ban ga dalilin kashe abin da za a bar wa ungulu ba. Ɓarnar gona tana da hanyarta: manomi ya kai kuka wajen jami'an gandun daji, su ne ke da ikon shirya kora ko kisa.

Da can masu hali sukan tsallaka gabashin Burkina ko arewacin Benin, inda ake da yankunan farautar ɓauna da gwanki na haya. Rashin tsaro ya ɓata wannan hanya, kada ka gina shirinka a kanta.

Na biyu, tsaro, tun kafin ka kashe ko dala

Wannan mataki shi ke iya soke tafiyar gaba ɗaya, don haka aka sa shi da wuri. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin Kure, Faransawa shida da direbansu da mai yi musu jagora, da rana tsaka, a wurin da iyalai ke zuwa kallon raƙuma. Tun daga nan kowa ya san kusancin wuri da Yamai ba ya nufin lafiyarsa. Jahar Tilaberi ta daɗe cikin dokar ta-ɓaci, an hana yawo da babur a sassanta da dama, kuma wasu yankunan Dosso da Tahoua su ma sun ɗanɗana. Akwai inda ɗaukar mai a jarka kaɗai ya isa a tsare ka.

Ka auna yadda kake a idon wanda bai san ka ba: mutum huɗu baƙi, cikin mota, da bindigogi, a bakin daji da asuba. Soja na iya ɗaukar ku 'yan ta'adda, mutanen gari su ɗauke ku ɓarayin shanu, 'yan ta'addan kansu su ɗauke ku 'yan leƙen asiri. Don haka ka je ofishin perefe na yankin da kake so, ka je wajen jandarma, ka faɗi sunan ƙauyen da ranakun da sunayen mutanenka. Ka kuma tambayi direbobin motocin kasuwa na wannan hanya a tasha, sukan riga kowa jin labari. In ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata, ka dakata. Sannan ka maimaita tambayar ana gobe tashi, domin labarin mako biyu da suka wuce ya tsufa.

Na uku, takardu

Dokar da ke tafiyar da farauta a Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998. Kafin ita an taɓa rufe farauta baki ɗaya tun cikin shekarun 1970, aka ɗauki fiye da shekara ashirin kafin a sake buɗewa. Takarda biyu kake bukata, kuma daga hukuma biyu. Izinin riƙe bindiga yana fitowa daga ma'aikatar cikin gida, da lambar bindigar a jiki. Bindigar gado ma sai an mayar da takardarta sunanka. Izinin farauta kuwa daga ma'aikatar muhalli yake, ta hannun hukumar gandun daji, kuma hawa-hawa ne: na ƙaramar farauta, na matsakaiciya, na babba, ban da na mahalban gargajiya. Na tsuntsu ba ya halatta maka mazo. Izinin na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a halbi da na aboki.

Minista ne ke sanar da buɗe lokacin farauta da rufe shi. In ba a buɗe ba, takardarka ba ta da amfani a wannan shekarar. Idan ka je ofishin, ka nemi a rubuta maka dabbobin da aka yarda da adadinsu, da kuɗin da ake biya kan kowace da aka kayar, da iyakokin da ba a ƙetarewa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a kudancin Dosso, domin akwai gandun namun daji na Dosso da aka keɓe tun 1962 daga dallol Bosso zuwa bakin kogi, ga dazuzzukan hukuma irin na Goru Basunga kusa da Gaya, kuma ba ko'ina ake da allo ba. Duk abin da ka biya, karɓi rasiɗi.

Dokar ta hana farautar dare, da fitila ko babu. Ta hana halbi daga cikin mota, ta hana kora da wuta ko raga ko rami, ta hana guba da bindigar ɗana da makamin soja. Wanda ya ce maka "kowa haka yake yi", shi ne irin abokin da ya kamata ka bari a gida.

Na huɗu, je ka gaisa, ba tare da bindiga ba

Mako biyu ko uku kafin ranar, ka yi tafiyar yini ɗaya ko kwana ɗaya zuwa ƙauyen, hannu sake, sai goro da shayi da sukari. Yamai zuwa Dosso wajen kilomita 140 ne, Dosso zuwa Gaya kuma wajen 150, saboda haka abu ne mai yiwuwa. Fara da jami'in gandun daji na wurin, daga nan zauren maigari. Ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka bari a gama gaisuwar gida da ta gona da ta sanyi kafin ka buɗe baki. Sannan ka ce wani abu kamar haka:

"Ranka shi daɗe, baƙi ne mu daga Yamai. Muna da takardar hukuma, amma takarda ba ta san gonar kowa ba. In da hali, muna roƙon a haɗa mu da mahalban garin nan. In babu hali, mu sha ruwa mu koma."

Ka faɗi haka kana nufinsa. In garin Zabarmawa ne ko Dandawa, tafi da wanda ya iya harshen, ko da su sun iya Hausa. In maigari ya amince, zai aika a kira sarkin baka ko wani dattijon mahalbi, kuma daga wannan lokaci shi ne idonka da ƙafarka. Ka kira shi Baba, ka bar shi ya yi gaba. Yana iya cewa tsamiyar can ba a halbi a ƙarƙashinta, ko tabkin can ba a zuwa ranar kaza. Ba sai ka yarda da dalilinsa ba, amma garinsu ne.

Ku fita tare da sassafe ku duba sawu. Za ka ga ya tsuguna a gefen gonar wake inda rairayi yake da laushi, ya nuna maka kofato siriri mai tsini, yatsu biyu a haɗe: gada ce. Na akuya ya fi dakushewa da buɗewa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, garke ne. Zai duba gefen sawun, in yana da kaifi na daren jiya ne, in iska ta zuba masa ƙasa ko ƙwaro ya bi ta kansa ya kwana biyu. Zai ɗauki kashin ya murje tsakanin yatsu, in da danshi a ciki dabbar ba ta yi nisa ba. Inda gadu ya tona saiwa, ƙasar takan zama kamar an yi kaftu. Ka riƙa sa alamar wuraren nan a wayarka, tare da rijiyoyi da burtali da rugagen Fulani da hanyar da mata ke bi zuwa itace.

Kada ka bar garin sai kun daidaita abu uku da baki, a gaban shaida: ladan mahalbin na kowane yini, ko an samu ko ba a samu ba, gonakin da masu su suka yarda a ratsa, da yadda za a raba nama. Ka leƙa rugar da ke kusa ka gaida arɗo, ka faɗa masa ranakun, domin yaransa su san inda za su kai garke.

Na biyar, zaɓen ranaku

Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi. An gama girbi, ciyawa ta kwanta ana ganin nesa, nama ba ya saurin lalacewa, tafiyar ƙafa ba ta kashe mutum. Daga Maris zafi ke hawa, a Afrilu yakan haura digiri 40, kuma dabba ta rame. Sai dai lokacin sanyin nan shi ne na sakin gonaki, shanu da tumaki sun cika ko'ina, maraƙi ja a cikin sabara da asuba kuwa ba shi da bambanci da mazo ga idon da ke ɗoki. Ka kauce wa ranar kasuwar yankin, domin tun da duhu mutane ke ratsa daji ta ƙananan hanyoyi. Mahalba sun ce in farin wata ya cika, nama yakan yi kiwonsa da dare ya kwanta da wuri, don haka sun fi son duhun wata. Kwana uku ko huɗu sun isa.

Na shida, abokan tafiya da bindiga

Mutum huɗu, bindiga biyu, shugaba ɗaya. Mai saurin fushi, mai shaye-shaye, da wanda ba ya jin "bari", duk ba su da kujera a motar. Farautar gayya ta ƙauye, mai karnuka da gora da kiɗa, wata aba ce daban mai nata sarakai da ƙa'idoji. In kun tarar ana yin ta, ku ajiye bindigoginku ranar.

Bindigar tsuntsu mai lamba 12 da ƙananan harsasai ba ta kayar da babbar dabba, raunata ta kawai take ta je ta mutu a duhuwa. Ko da manyan harsasai, bayan taki talatin zuwa arba'in ƙarfinta ya ragu. Bindiga mai harsashi ɗaya ta fi kisa mai tsabta, amma harsashinta yana tafiyar kilomitoci in ya kuskure, kuma ƙasar gonaki shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudun da zai tare shi. Wannan ya sa a irin wurin nan kusantar dabba ya fi tsadar bindiga amfani.

Ka gwada hannunka tun a gida, a wurin da hukuma ta yarda a yi halbi. Kafa faifai, ka ja baya zuwa nisan da kake tsammani, ka dogara bindigar kan sanduna biyu da aka ɗaure a sama. In harsashi biyar a jere ba su shiga faifan ba, matso. Nisan da suka shiga shi ne iyakarka a daji, kome girman ƙahon da ka hango.

A mota bindiga tana cikin kube, babu harsashi a cikinta, harsasai a wata jaka. A shingen bincike ka tsaya, hannuwa a fili, ka fara faɗa da bakinka cewa akwai bindigar farauta ga takardunta, tun kafin a buɗe bayan mota.

Na bakwai, kaya

Tufafi masu launin ƙasa ko toka, amma kada ka kuskura ka sa mai zanen kakin soja, a halin da ake ciki wannan neman mutuwa ne. Wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙaya, takalmi mai rufe idon sawu, hula, bargo domin sanyin dallol da asuba ba wasa ba ne, da gidan sauro.

Ruwan sha lita shida ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala. Guzuri marar lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku, shinkafa, mai da yaji. Ka tafi da abincin da zai ishe ku kamar ba za ku samu nama ba, har da na mahalbi da yaronsa. Mota tana son taya biyu na sauyi, famfo, shebur da igiyar ja, kuma ka cika tanki a Dosso. Layin waya biyu na kamfanoni daban, da wani a gida wanda ya san cewa in bai ji ka ba zuwa isha'i zai kira jandarma. Na aikin nama: wuƙa biyu da dutsen wasawa, igiya, safar hannu, gishiri kilo biyu ko uku, tsohon zane mai tsabta, da kula da ƙanƙara in za a samu. Madubin hangen nesa ya fi kowane kaya hana kuskure.

A akwatin magani a sa bandeji, maganin wanke rauni, na zazzaɓin cizon sauro, da garin gishiri da sukari na gudawa. Ka san likitar da ta fi kusa, ka tambaya tun a tafiyar gaisuwa ko suna da allurar sarar maciji. Kububuwa ce ta fi yi wa mutanen gonaki illa. Ƙarama ce, launin ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya ga kamar ya warke sannan jini ya ɓalle masa daga dasashi. In ta sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da roba. A cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota.

Na takwas, ranar fita

Ku sauka a gefen gari, inda maigari ya nuna, ba can tsakiyar daji ba. Ku share ƙasa kewaye da murhu, ku kashe wuta da rairayi kafin barci. Busasshiyar ciyawar nan ita ce abincin dabbobin mutane har damana, kuma guntun taba ɗaya ya isa ya cinye ta.

Bayan sallar asuba a sha shayi a fita, amma ba a sa harsashi sai gari ya waye har kana bambance launi. Iska ita ce babbar magana, domin dabba ta fi yarda da hancinta. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ku zagayo wurin ta kudu maso yamma, tana bugun fuskarku. Tsofaffin mahalba sukan ƙulla toka a ɗan ƙyalle, su kaɗa, inda ta nufa can warinka ke zuwa. Ba turare, ba taba, waya a kashe.

Ku bi gaɓar da gona ta haɗu da daji, nan nama ke komawa makwanci da safe. Taki biyar, tsaya, duba. Kada ka nemi dabba sukutum, nemi kunne da ya motsa, ko ƙafa a ƙarƙashin kalgo. Mahalbi na gaba, kai a kafaɗarsa, bakin bindiga sama ko ƙasa, yatsa nesa da kunama. Bindiga ta biyu tana tare da ku ko tana sansani. Rabuwa gida biyu a daji ɗaya shi ke sa aboki ya halbi aboki. Da hantsi ku koma inuwa, sai bayan la'asar.

In an ga dabba, ka ga jikinta duka kafin ka ɗaga bindiga. Motsi a cikin geza ba dabba ba ne, yana iya zama yarinya mai tsintar itace. Ka tabbata namiji ne babba: a gada da mazo da batsiya namiji ne mai ƙaho, don haka marar ƙaho a bar shi, mai ɗa a bayanta kuwa ko kallo na biyu ba a yi mata. Sannan ka duba abin da ke bayanta. Rumbu, bukka, garke, hanya, ko sararin da ba ka ga ƙarshensa ba, kowanne ya soke halbin. In duk sun yi daidai, jira ta ba ka gefe tana tsaye, ka auna bayan kafaɗa, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda zuciya da huhu suke. Ba a auna kanta, ba a halbin mai gudu. Ka yi bisimilla, ka matsa a hankali.

Na tara, bayan ƙarar bindiga

Kada ka ruga. Ka riƙe wurin da take tsaye da ido, ka sake shirya bindiga, ka saurara. In ta faɗi, ku je ta bayanta, nesa da ƙaho da kofato. In da sauran rai, a juya ta alƙibla a yanka nan take.

In ta gudu, ku ba ta wajen rabin sa'a, dabbar da ba a kora ba takan kwanta kusa. Sannan ku je ku karanta jinin. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, a ƙara jira. In akwai koren abin ciki da wari, tumbi aka samu, aikin yini ne. Mahalbi na bin sawu, kai kana gefensa ba bayansa ba, ana karya reshe a kowane ɗigo na ƙarshe. Namijin mazo mai rauni yana juyowa ya soki mutum, kada a shiga masa duhuwa da gaggawa. Wadda ka raunata taka ce, ko ka same ta ko ba ka same ta ba. Ba a neman wata sai an gama da ita, kuma a lissafa ta cikin adadinka.

A nan fiƙihu da dabarar daji suka haɗu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce abin da makaminka ya kashe ka ci matuƙar bai kwana ba ka same shi ba, wanda ka riska da rai kuma sai da yanka. Ta kuma ce farauta don wasa kawai makaruhi ce. Shi ya sa halbin dab da magariba ba shi da kyau: duhu zai raba ka da sawu, kura da dila su riga ka, naman ya tashi a banza. Ka sauke harsashi sa'a guda kafin faɗuwar rana.

Rubuta dabbar a takardarka, da rana da wuri, kafin a ɗaga ta. Sannan a fitar da kayan ciki nan da nan, domin zafin ciki shi ke fara ɓata nama. Sa safar hannu, tsaga fatar ciki da bakin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu na tura hanji ƙasa don kada a huda shi. Duba hanta da huhu. In akwai ƙuraje ko ruwan ƙwai ko wari, ko saifa ta kumbura ta yi baƙi, a bar naman a sanar da jami'in dabbobi. Mushen da kuka tarar kuwa ko fatarsa kada a taɓa, ciwon saifa yana kama mutum. A rataye a inuwa, a buɗe ƙirji da ɗan itace iska ta shiga, a lulluɓe da zane saboda ƙuda. Abin da ba za a ci a yini biyu ba, a yanka shi sirara a shafa gishiri a shanya, iskar hunturu tana busar da shi da sauri, ko a yi banda a kan garwashi marar harshe.

Rabo da komawa

A raba yadda aka yi alkawari. Kowane gari da al'adarsa kan wanda ke da cinya da wanda ke da wuya, kuma sarkin baka ya fi ka sani, bar shi ya riƙe wuƙar. Kason maigari da na mai gonar da dabbar ta faɗi a ciki su fara fita, kafin naku. Ladan mahalbi a biya shi cif, har a ranar da aka dawo hannu rabbana, kuma irin wannan rana ta fi yawa. Ku tsince kwanson harsashi da leda da gwangwani, jaki da saniya suna haɗiye su.

Ku yi sallama da maigari, ku tashi da safe domin ku shiga Yamai da rana. A hanya ku tsaya wajen jami'in gandun daji, ku nuna abin da aka samu, ku biya abin da ke kansa, ku karɓi takardar da za ta raka nama da ƙaho da fata ta shingaye. In kun ga tarkon waya ko sawun masu fitilar dare, ku faɗa masa wurin. Naman na gida ne da maƙwabta, sayar da shi yana da tasa doka daban.

A gida ka goge bindiga ka shafa mata mai a ranar, ƙurar hunturu tana cin ƙarfe. Ka kulle ta, harsasai a wani wuri da yara ba su sani ba. Fatar kuma a kankare kitsen jikinta, a zuba mata gishiri sosai, a shanya a inuwa ba a rana ba, sannan a kai wa majemi cikin mako guda kafin gashin ya fara zuba.